A-kori-kurar Malam Tukur

Shekarata talatin da 'yan kai ina dillancin mota a Funtua, kuma har yau in na ji wani ya ce sana'ar nan ba ta da wuya sai in ji kaina ya sara. Ku samarin da kuke zuwa rumfata kuna cinye min inuwa, kowa ya sunkuyar da kai a kan waya, da ku nake. A ganinku sayar da mota ɗaukar hoto ne: a wanke ta, a ɗauke ta gaba da baya, a watsa a waya, gobe mai saye ya kira. Ɗayanku har ce min ya yi, “Baba Isiya, ai zamanin dillali ya wuce, yanzu kowa dillalin kansa ne.” Ban musa masa ba. Samun mai saye kowa ya iya. Abin da ba kowa ya iya ba shi ne ya rabu da mota kuɗinta na hannunsa. Ni da nake faɗa muku na taɓa kasawa, kuma motar da ta tafi ba tawa ba ce, ta wani bawan Allah ce da ya yarda da ni. Zan zo kan wannan, ku dai bi ni a hankali.

Na koyi aikin a hannun marigayi Alhaji Lawai, Allah ya jiƙansa, gajeren mutum mai faɗan tsiya. Shekara biyu na yi a ƙarƙashinsa ban taɓa faɗin farashin mota ba, aikina wanki da kallo. Kayan aikinsa duka a jakar fata guda suke, kuma irinsu nake riƙewa har yau. Akwai tocila ta leƙa ƙarƙashin mota da karanta lambar inji. Akwai ɗan maganaɗisu da ake bin jikin bodi da shi, duk inda ya ƙi kamawa to an yi ciko an rufe da fenti. Akwai farin ƙyalle na goge sandar baƙin mai, sai littafin yarjejeniya da biro biyu, don ɗaya kullum sai ya ƙi rubutu ranar da ake nemansa. Dokokinsa biyu ne kacal. Ta farko, mukulli da takardu ba sa barin hannunka sai mai mota ya tabbata kuɗinsa sun zo. Ta biyu, a kowane ciniki dillali maigida ɗaya gare shi, wato wanda ya kawo motar. La'adarka daga wurinsa take fitowa, ita ma sai an gama. Ya taɓa kama ni na karɓi goro biyu daga hannun mai saye ana tsakiyar ciniki, a gaban jama'a ya sa na mayar. Na yi kwana uku ina jin haushinsa, ina cewa a raina tsohon nan ya cika tsanani a kan goro.

Ƙaramar motar wani malamin makaranta ce ta koya min zancen gwaji. Mai sayen ya zo shi kaɗai, bakinsa fal fara'a, ya ce a ɗan taɓa ta a titi. Muka ɗauki hanyar Malumfashi, shi a sitiyari ni a gefe. Muna barin gari ya taka birki, wai yana jin ƙara ta baya, in sauka in duba masa salansar hayaƙi. Na ce to. Na miƙa hannu na kashe motar, na zare mukullin, na sauka da abina. Da na dawo na tarar fuskarsa ta canza.

“Haba Malam, ba ka yarda da ni ba ke nan?”

Na ce, “Na yarda da kai mana, Alhaji. Mukullin ne bai saba da baƙi ba.”

Muka koma gari. Ya ce zai je ya dawo, har yau ina jira. Saboda haka in za ku ba da mota gwaji, ku shiga ciki, ku ɗauki mutum na uku, a yi da rana tsaka a hanyar da kuka sani, kuma kada ƙafarku ta taɓa ƙasa mukulli na jikin mota.

Wani direba ɗan Kafur ya taɓa ba ni bas ɗinsa in sayar masa, lokacin kakar auduga, sa'ad da ake zuwa da tsabar kuɗi a buhun taki. Mai sayen ya zube su a kan tabarma ɗauri-ɗauri, na sama da na ƙasa sababbi fil. Na ce ba nan za a ƙirga ba, mu je banki injinsu ya ƙirga, a zuba a asusun mai mota, sannan a yi maganar mukulli. Nan take ya tuna wai ya baro ɗansa a asibiti. Ya kwashe kayansa ya yi gaba. Ban san abin da ke tsakiyar ɗaurin nan ba, kuma ban taɓa nadamar rashin sanin ba. Ko kuɗi sun shiga ma aiki bai ƙare ba. Sai an rubuta yarjejeniya da shaidu biyu, a sa lambar inji, a ɗauki hoton katin shaidar mai saye, a bi shi ya canza suna a takardu. Na san wani tela da ya sayar da motarsa da baki kawai, bayan shekara aka kama ta da kayan sata, takardu na ɗauke da sunansa. Sai da ya kwana biyu a caji ofis kafin a gane ba ruwansa.

Da zamanin tura kuɗi ta waya ya zo, sai 'yan damfara suka huta da ɗaukar buhu. Yanzu alat suke turowa. To ku ji da kyau, saƙon da ya shigo wayarka rubutu ne kawai, kuma rubutu kowa ya iya. Haka hoton rasit da za a nuna maka a wayar mai saye. Abin da ake yi shi ne mai mota ya buɗe asusunsa da kansa ya ga abin da ke ciki, ko a shiga banki a tambaya. Kada kuma a rufe ciniki ranar Juma'a da yamma, don daga nan banki sai Litinin, kwana biyu sun ishi mota ta bar jiha. Duk wannan na san shi, ni ma nake koya wa mutane. Ku riƙe wannan a ranku, don abin da zan ba ku labari yanzu ba rashin sani ne ya jawo shi ba.

Malam Tukur manomi ne a Maska, ya ɗan girme ni. Ta hannuna ya sayi wata farar a-kori-kura, ta yi masa shekara tara tana kai masararsa da ta maƙwabta kasuwa. Shekarar da farashin taki ya haukace, gab da faɗuwar damina, sai ga shi ya faka ta a gaban rumfata. Ya fito, ya zagaya ta sau ɗaya, sannan ya miƙo min mukulli da takardu a leda.

“Malam Isiya, ga ta nan. Ban so rabuwa da ita ba, amma gona ba ta jira. In ruwa ya zauna ban zuba taki ba, bana na yi asarar shekara. In Allah ya kai mu kaka sai ka nemo mini wata.”

Gidansa bakin mutum goma sha huɗu ne ke ci daga gonar nan, kuma na sani.

Ni ma shekarar ba ta zo min da daɗi ba. Wata uku ban sayar ko da keke ba. Kowa sayarwa yake son yi, ba mai saye, ga buhun hatsin gidana ya kusa kai ƙasa. Na sa aka watsa hoton motar a waya kamar yadda kuke yi. Mako biyu ba wanda ya zo sai 'yan kayi-nayi, su buga taya da ƙafa su yi tayin wulaƙanci su wuce. Ruwa ya sauka sau biyu, Malam Tukur ya yi shuka. Kullum da safe zai kira ni, mu gaisa, ya tambayi iyali, ba zai ambaci mota ba. Ni ne zan ce, “Har yanzu dai, Malam.” Shi kuma ya ce, “Allah shi kawo mai rabo.”

Ranar wata Alhamis wani ya kira, ya ce sunansa Alhaji Nasiru, hatsi yake saye yana kaiwa kudu, ya ga hoton motar. Washegari Juma'a da hantsi ya iso cikin wata lafiyayyar mota da direbansa, shadda na ta ƙyalli, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa rumfa. Na kira Malam Tukur ya hawo acaɓa ya zo. Alhajin bai leƙa ƙarƙashin mota ba, bai ce a buɗe inji ba, da muka faɗi farashi ɗan abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Wanda ya san aikin nan ya san mai saye na gaskiya sai ya kushe mota kamar da ita ya kwana yana faɗa. Na lura da wannan, amma na ce wa kaina ai masu kuɗi ba su da lokacin ja-in-ja. Kafin a kai ƙarshe aka kira salla, sai ya ce mu je mu sauke farali tukuna, ciniki ba zai gudu ba. Sahu ɗaya muka tsaya mu uku, kafaɗarsa na gugar tawa.

A ƙofar masallaci, ana turmutsutsun neman takalma, ya riƙo hannuna ya ja ni gefe. Sai na ji ya zura min ambulan a aljihun gaba.

“Na goro ne, Malam. Ka taimaka a gama yau, gobe ina da lodi.”

Na ji kaurin ambulan ɗin a ƙirjina. Wallahi a take na tuna goro biyun Alhaji Lawai, har da yadda ya zare min ido. Na kuma tuna buhun gidana. Ban mayar ba. Cewa na yi, “Allah ya amfana, Alhaji.”

Da muka koma rumfa, Malam Tukur ya miƙa masa hannu ya ce, “Na sallama, Allah shi sa albarka.” Aka shafa fatiha. Alhajin ya karɓi lambar asusu, ya yi ta danne-danne a babbar wayarsa, can sai 'yar ƙaramar wayar Malam Tukur mai madannai ta yi ƙara. Shi karatun allo ya yi, bai yi boko ba. Ya miƙo min wayar.

“Duba mini, kai ne idona.”

Na sa tabarau. Adadin daidai yake, sunansa daidai. Amma saƙon bai sauka ƙarƙashin tsofaffin saƙonnin bankinsa ba, can ya tsaya shi kaɗai, kuma ba layin da ke nuna jimillar abin da ke cikin asusu. Na gani. Ba zan ce muku ban gani ba. Abin da ya rage min kawai in ce, “Malam Tukur, danna lambarka mu ga ciki.” Aikin minti ɗaya ne. Amma faɗin haka tamkar ce wa mutumin da muka yi sahu ɗaya da shi ban yarda da shi ba, alhali ambulan ɗinsa na aljihuna. Na ɗaga kai, Alhajin ya duba agogonsa ya yi min murmushi.

Na ce, “Sun shigo.”

Malam Tukur ya ce, “Alhamdu lillahi,” ya mayar da wayar aljihu ko kallonta bai yi ba. Na ɗauko littafin yarjejeniya, na nemi katin shaida, Alhajin ya shafa aljihu ya ce ya manta shi a wata riga, zai turo hoto. Na rubuta haka nan. Da hannuna na miƙa masa takardu, da hannuna na miƙa mukulli. Malam Tukur ya ce akwai ɗayan mukullin a gida, Litinin zai kawo min in ajiye wa Alhaji, ya haɗa da la'adata in ya ciro kuɗi. Ya dafa motar ya ɗan jima, sannan ya matsa gefe aka ja ta.

Asabar da safe na kira lambar Alhajin in tuna masa hoton kati, na ji a kashe. Na sake kira da azahar, a kashe. Na sha jinin jikina, amma ban kira Malam Tukur ba. Da a ranar na yi magana aka sanar da 'yan sanda, wataƙila da an tare ta a hanya. Tsoron abin da zan ce masa ya hana ni. Abin da ya fi wannan muni, a ranar na buɗe ambulan ɗin na auno masara da shinkafa na kai gida, aka dafa, na ci.

Ranar Litinin Malam Tukur ya zo da sassafe, har ya riga ya yi magana da mai taki a ware masa buhuna. Muka shiga banki tare. Ma'aikaciyar ta duba, ta rubuta abin da ke cikin asusun a 'yar takarda ta miƙo. Ya ba ni in karanta masa. 'Yan canjin da ya bari tun kakar bara ne, ba ƙari ko sisi. Ya ce, “'Yata, ƙara dubawa dai.” Ta ƙara, ta karɓi wayarsa ta ga saƙon, ta girgiza kai ta ce wannan ba daga wurinsu ya fito ba. Malam Tukur ya nemi benci ya zauna, ya cire hula ya riƙe a hannu, yana ta maimaita innalillahi a hankali. Ni ina tsaye a kansa ina jin da ma ƙasa ta tsage in shige.

A caji ofis ɗan sandan da ke rubutu ya tambaya, “Wa ya tabbatar kuɗin sun shiga kafin a ba da mota?” Kafin in haɗa kalma Malam Tukur ya ce, “Ranka shi daɗe, motata ce, ni na sallama, ni na ce a ba shi mukulli.” Aka rubuta haka. Sunan ƙarya ne, layin wayar ya mutu, motar kuwa ko mai kama da ita ba a sake gani ba.

Ya sayar da raguna biyu da ɗan bijimin da yake turka, ya sami taki na kusurwa guda ta gonar, sauran ya bar wa Allah. Tsakiyar damina aka yi rasuwa a Maska, dole na je gaisuwa, a acaɓa don babur ɗina na wurin gyara, kuma hanyar ta gefen gonarsa ta bi. Masarar maƙwabtansa ta yi baƙi-ƙirin don kore, ta fi mutum tsawo, ta fara goyo. Tasa iyakarta ƙugu, ganyen rawaya kamar an watsa mata ruwan zafi. Shi da 'ya'yansa na ciki suna noma ta haka nan. Ɗan acaɓan ya rage gudu yana cewa, “Kai, wannan gonar ta wane ne haka?” Na ce masa ya ja mu tafi, muna sauri. Na sunkuyar da kai har muka wuce.

Da kaka ta yi na sayar da babur ɗina, na cike abin da na ci daga ambulan ɗin, na nufi Maska. Na same shi a ƙofar gida bayan la'asar yana ɓarar masara. Tarin da ke gabansa, a shekarun baya ko na zakkarsa ya fi shi. Ya shimfiɗa min buzu, ya sa aka kawo ruwa. Na ajiye ambulan ɗin a gabansa na faɗa masa komai: yadda aka sa min shi a aljihu, abin da na gani a saƙon, kiran da na yi ranar Asabar, da shirun da na yi. Ban ɗaga kai ba har na gama. Shi kuma bai daina ɓarar masararsa ba.

Can ya ce, “Ambulan ɗin ai na gani.”

Na ɗago. “Ka gani?”

“A ƙofar masallaci. Ina duƙe ina sa takalmi, kuna gabana.”

“To mi ya hana ka magana, Malam Tukur?”

“Na ɗauka al'adar sana'arku ce. Na ce ko mi ya ba ka, ai ba zai sa ka ga baƙi ka ce mini fari ba. Shi mutumin ban san shi ba, ban kuma sallama don shaddarsa ba. Da ka ce sun shigo, fuskarka na duba.”

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan yammacin ba, kuma ban fatan in sake ji. Da zagina ya yi, ko ya kira 'ya'yansa su fitar da ni, da na fi samun sauƙi. Ya ɗauki ambulan ɗin ya ce zai karɓa, ba don ya biya komai ba, sai don gidan na bukata. Ya ce ya yafe abin da ke tsakaninmu. Sannan ya tashi ya shiga ciki, ya fito da ɗayan mukullin a ɗaure da zare, ya sa min a tafin hannu.

“Ba abin da zai buɗe mini a nan. Kai ke cikin motoci, ko Allah zai sa ka gan ta.”

Shi ne wanda kuke gani a rataye a ƙusa bisa kujerata. Makon jiya ɗayanku ya tambaye ni na wace mota ne, na ce na wani ne zai aiko a karɓa. To ga gaskiyar yau kun ji. Har yanzu farar a-kori-kura ba ta wucewa ta gaban rumfar nan ban miƙe na bi ta da kallo ba. Malam Tukur bai sake mallakar mota ba, amalanke yake haya ya kwaso amfaninsa.

Bara da rani wani mutum ya faka ƙaramar mota a nan, ya ce shi surukin Malam Tukur ne, sayarwa zai yi, kuma Malam Tukur ne ya ce kada ya kai wa kowa sai ni. Na tambaye shi ko tsohon ya ba shi labarin abin da ya faru tsakaninmu. Ya ce a'a, bai ce masa komai ba, saƙo ɗaya kawai ya ba shi ya kawo min.

“Cewa ya yi, in alat ya shigo, ka duba masa da kyau.”